Bangon da Ya Tuɓe Rigarsa

Ni na kawo shi gidanmu. Gara in faɗa da bakina kafin ƙannena su riga ni. Kuma ba don na taɓa ganin aikinsa ba. Na gan shi ne a bakin titi a Pantami ina dawowa daga kallon ƙwallo, yana tsaye a gaban wani gida mai bango sumul kamar an lashe shi, da baƙin tabarau a fuska, da tef ɗin awo rataye a ƙugu, yana ɗaukar kansa hoto. Na tambaye shi ko shi ya yi bangon. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya shafa bangon da tafin hannu ya ce, "Ƙanina, taɓa ka ji." Na taɓa, na ji, na karɓi lambar wayarsa. Sai daga baya na gane inuwa kawai yake sha a wurin.

Abin da ya sa nake neman mai filasta ido rufe shi ne ɗaki. Shekarata goma sha shida, kuma ɗaki ɗaya nake kwana da ƙannena maza uku a gidanmu da ke unguwar Gabukka. Ɗaya yana harbi da ƙafa cikin barci kamar jakin da ƙuda ya dama. Ɗaya yana hira da mutanen da mu ba ma ganin su. Autanmu kuwa bari in rufa masa asiri, amma katifarmu ta fi kowa a gidan shan rana.

Baba ya daɗe yana gina wani ɗan ɗaki kusa da zaure, yau bulo goma, jibi katako, har aka ɗora kwano aka sa ƙofa da taga. Filasta kaɗai ta rage. Ni ina kiran sa ɗakina. Umma tana kiran sa sito. Sana'arta ke nan, duk kaka tana sa Kawu, wato yayanta da ke ƙauye, ya saya mata masara, ta ajiye sai ta yi daraja ta sayar. Buhunan sukan cika zaure har baƙo ya shigo gidanmu a karkace.

Da gardamar ta ishi Baba, wata rana bayan la'asar ya ajiye kofin shayinsa ya yanke hukunci.

"Idan aka gama filasta kafin motar masara ta zo, ɗaki naka ne. Idan masara ta riga ka, nata ne. Kada wanda ya sake tayar mini da maganar."

Umma ta yi wani murmushi da ban so ba. Ta san dattijon da ya ɗora bulon, wanda shi ne maginin Baba tun kafin a haife ni, ya tafi garinsu aikin gona, kuma ba ya dawowa sai ya ga dama. Nan na miƙe na ce ai ni na san wani injiniya.

Washegari ya iso a kan babur, tabarau na ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Alhaji, barka da gida."

"Ban je ba tukuna," in ji Baba.

"Za ka je, Alhaji. Daga ganin bulon nan na san za ka je."

Baba ya tambaye shi ina leburansa. Ya ce yaronsa yana hanya. Ina sanar da duk mai neman yaron nan cewa har yau yana hanya. Baba ya nuna masa siminti ya tafi kasuwa, ya bar ni da injiniyana.

Yashin da ya sa aka kawo a baro daga kwarin bayan unguwa aka ɗebo shi, ja wur, rabinsa ƙasa. Ya tara shi tsibi guda, sannan ya yanka buhun siminti ya barbaɗa a kai kamar yadda Umma ke sa gishiri a miyar mai hawan jini. Ya kwaɓa, ya ɗauki cokalinsa na gini ya fara watsa wa bango, bulo a bushe ƙamas.

Umma ta leƙo ta taga da tsintsiya a hannu.

"Malam, ba za a jiƙa bulon ba? Na ga dattijo ba ya taɓa bango sai ya shayar da shi ruwa."

"Hajiya, wannan tsohon yayi ne. Simintin yanzu da ruwansa yake zuwa."

"Da ruwansa."

"A cikinsa yake, ba a gani. Kuma idan na gama kada a yayyafa masa ko ɗigo. Mura yake yi."

Umma ta dube ni. Na ce ƙwarai kuwa, mun yi wannan a makaranta. Ba mu yi ba. Na dai san idan aka ce a jiƙa bango, ni za a aika neman mai ruwa a cikin rana, kuma in ba a same shi ba ni zan zama mai ruwan.

Gaskiya hannunsa akwai sauri. Kafin la'asar ya gama bango biyu, ya bi su da katako, ya goge da soso, ya kuma gama da kwano biyu na shinkafa da wake. Bangon ya yi kyau har na ji hawaye na neman zubo mini. Na riga na ga inda katifata za ta zauna, da inda zan rataye madubi, da inda zan tsaya in hana ƙannena shigowa.

Da zai tafi ya ɗaure sauran simintin a bayan babur, wai kada ya sha iska a gidanmu. Sannan ya zaro wani tsohon cokalin gini mai tsatsa, marar mariƙi, ba wanda ya yi aiki da shi ba, ya ɗora a kan taga.

"Kada kowa ya taɓa wannan. Gobe da sassafe."

Gobe ta zo ita kaɗai. Na kira shi ya ce yana hanya. Na sake kira ya ce ga shi a kwanar gidanmu. Na fita na tsaya a kwanar har wata akuya ta fara yi mini kallon sani. Da yamma ya ce an yi musu rasuwa, kakarsa ce. Na yi masa ta'aziyya har da su Allah ya ba da haƙuri. Mako bai zagayo ba wata kakar ta bi ta. Daga nan kakanninsa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har na fara tunanin ko annoba ce ta shiga danginsu ta ƙi taɓa kowa sai tsofaffin mata.

A gefe guda kuma Kawu yana kiran Umma. Ita da ba ta son kowa ya ji wayarta, sai ga shi tana sa ta a lasifika daidai lokacin da nake wucewa. An karye masara. An ɓare. Ana shanya. Ana neman buhuna. Kowane kira ji nake kamar ana ƙirga mini kwanaki.

Wata Asabar da hantsi na ce bari in nuna wa duniya cewa ɗakin yana da mai shi. Bango biyu sun bushe, ai ko madubi ne a rataye. Na samo ƙusa da dutse na shiga. Autanmu ya biyo ni yana riƙe da madubin.

Bugun farko bangon ya amsa da wata irin murya, kamar na buga durom ɗin da babu ruwa. Na ce wataƙila haka simintin zamani yake magana. Na sake bugawa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wata tsaga ta taso daga gindin ƙusar ta yi sama, ta yi kwana, ta nufi taga a guje. Sannan filastar gaba ɗayanta, tun daga taga har kusurwa, ta rabu da bangon ta tsaya da ƙafarta. Na rantse ta tsaya. Muka kalli juna ni da ita. Na ja auta na yi baya, ita kuma ta kwanta a inda muke tsaye da wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka tashi sama kamar tattabaru.

Auta ya fita da gudu yana ihu wai bango ya tuɓe riga.

Umma ta shigo da muciya a hannu tana salati. Ƙura ta rufe ɗakin, ni kuma na yi ja tun daga gashi har yatsu, ido kawai ke motsi. Ta kama kaina ta juya, ta ɗaga hannuwana, ta duba ƙafafuna. Da ta tabbatar babu abin da ya ragu a jikina sai ta sake ni, ta sunkuya ta ɗauki wani ɓangare na filastar ta murza da yatsu biyu. Ya zube kamar dakuwa. Muka ɗaga kai muka dubi bangon. Bulo ne tas, fes da shi, kamar ba a taɓa gabatar da shi ga siminti ba.

Ta taka zuwa ɗaya bangon ta ƙwanƙwasa da muciya. Bum. Ta matsa gaba. Bum.

"Wannan ma ganga ce," in ji ta. "Fito kafin ta yi maka kiɗa."

Ban iya cin abincin rana ba. Ni da ba a taɓa jin na bar loma a kwano ba. Zama na yi a ƙofar ɗakin ina kallon tarkacen, ina tunanin da a ce katifata ce a wurin, da ni a kanta.

Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi tarkacen, sannan ya dube ni.

"Injiniyan naka ne ya yi wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Ruwan da ke cikin simintin, ka gan shi da ya faɗo?"

Na sunkuyar da kai. Ya ciro waya ya kira dattijo, aka yi sa'a ya riga ya dawo gari.

Da safe dattijo ya zo a kan kekensa, ya jingine shi a zaure, suka gaisa da Baba har da tambayar gona da iyali da ciwon gwiwa, ni kuwa ina tsaye kamar a kan garwashi. Ya shiga ɗakin ya duba ƙasa, ya duba sama, ya girgiza kai. Ya ce aikin ba shi da yawa. Zuciyata ta fara dawowa mazauninta. Sai idonsa ya sauka a kan taga.

"Wannan cokalin na waye?"

Na ce na mutumin ne.

Dattijo ya ja da baya kamar ya ga kunama. Ya fito tsakar gida ya karkaɗe rigarsa.

"Mai gida, ka yi haƙuri. Ba na shiga aikin da mai shi bai ɗauke kayansa ba."

"Ai ga aikin nasa a ƙasa," in ji Baba.

"Na gani. Amma cokalin yana sama."

Ya yi mana bayani a natse. A wurin magina, in mutum ya bar kayan aikinsa a gida, ko da guntun katako ne, to aikin yana hannunsa. Duk wanda ya shiga ya ci abincin ɗan'uwansa, kuma maganar za ta riga shi zuwa duk inda magina ke zama da safe suna jiran aiki. Shi da furfurarsa ba za a ce ya ƙwace aikin yaro ba.

Na ce, "Baba dattijo, in don wannan ne yanzu zan cilla shi bayan katanga."

"Cilla, jikana. Ni dai na riga na gani. Ko ya zo ya ɗauka da hannunsa, ko ya faɗa mini da bakinsa cewa ya saki."

Ya hau kekensa ya tafi. Baba ya gwada wani magini, saurayi, shi ma ya leƙa ta taga ya ga cokalin ya tambaya. Na so in ce namu ne na kwasar toka, amma auta ya riga ni faɗin gaskiya. Mutumin ko babur ɗinsa bai kashe ba. Wato wani guntun ƙarfe da ko 'yan gwangwan sai sun yi shawara kafin su karɓa, shi ne ya kulle ɗakina, ya fi kwaɗo ƙarfi.

A ranar Kawu ya kira ya ce an ɗinke buhuna, mota ake nema.

Na fara farauta. Na baza magana a ajinmu cewa duk wanda ya ga mai baƙin tabarau da tef a ƙugu ya faɗa mini. Wani abokina ya ce kullum yana ganin irin wannan a layinsu a Dawaki wajen azahar. Da aka tashi makaranta na sa cokalin a jaka tare da littattafaina na kama hanya.

Ban sha wahalar gane gidan ba, jan yashin nan ne tsibi a ƙofa. Wani bawan Allah ɗan Barno, mai sayar da huluna, yana zaune a kan benci ya zabga tagumi. Na gaishe shi, na fara bayanin yadda muka yi da dattijo, na zaro cokalin don ya gane abin da nake nufi. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ɗana, kai ma an ba ka cokali?"

Ya kai ni ciki. Bango ɗaya da rabi, ga tsaga tana ta yawo a jiki, ga cokali mai tsatsa a kan taga, kamar ƙanin nawa. Ya ce matarsa na dab da haihuwa, ɗakin na surukarsa ne da za ta zo zaman jego. Ya ce maƙwabcinsa na baya shi katako aka bar masa. Ya ce mutumin yana zuwa ne kawai idan ya ji ƙamshin miya, ya shafa bango sau biyu, ya ci, ya ce siminti ya ƙare.

Muna cikin haka muka ji babur. Sai ga injiniyana ya shigo layin yana fito, da wani buhu ɗaure a baya yana ƙara kacau kacau. Da ya taka birki igiyar ta kwance, buhun ya faɗo, bakinsa ya buɗe.

Cokula ne. Tsofaffin cokulan gini, masu tsatsa, karyayyu, lanƙwasassu, wani ma ban tabbata ba murfin tukunya ne aka yanka ba. Suka watsu a ƙasa har gindin bencin. Na tsaya ina kallon su. Kowane ɗaya a cikinsu ɗakin wani ne. Mutumin nan ba filasta yake yi ba, shuka cokula yake yi a Gombe, unguwa unguwa.

Ko a jikinsa. Ya ɗaga tabarau ya washe baki.

"A'a, ƙanina. Yanzun nan nake cewa daga nan sai gidanku."

"Bango ya faɗi."

"Wa ya taɓa shi?"

"Ƙusa na buga."

"To ka gani. Sabon bango ana buga masa ƙusa? Ai sai ya shekara."

Ban san lokacin da mai huluna ya tashi ba. A hankali ya taka, ya zare makullin babur ɗin, ya ɗaga hularsa ya sa shi a ciki, ya mayar da hular kansa ya gyara mata zama.

"Ɗana, kira dattijon naku."

Na kira, na sa a lasifika. Na ce ga mai cokali. Mutumin ya dubi hular, ya dubi layin da yara suka fara cikawa, ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Baba, barka da rana. Na saki."

"Ka saki me?" in ji dattijo.

"Aikin Gabukka."

"Wane gida a Gabukka?"

Mutumin ya ɗaga ido sama yana motsa baki. Lissafi yake yi. A unguwarmu kaɗai sai da ya yi lissafi.

"Gidan da ake shinkafa da wake mai yaji," in ji shi a ƙarshe.

Dattijo ya ce ya ji, ya kuma ce in gaya wa Baba zai zo da safe. Na miƙa wa mutumin cokalinsa. Ya karɓa, ya busa masa iska, ya jefa shi cikin buhu tare da 'yan'uwansa. Mai huluna ya ce saura nasa, kuma makullin ba zai fito daga hula ba sai an kira maƙwabcin baya shi ma. Ban tsaya ganin ƙarshen wannan ba. Na tari ɗan acaɓa na ce ya yi gudu kamar ana bin mu.

Duk hanya ina tsara yadda zan shiga gida. Zan yi sallama da murya mai kauri, in ce wa Umma ta fara neman wa masararta wani wurin. Muka karyo kwanar layinmu, sai na ce wa ɗan acaɓan ya tsaya.

A-kori-kura ce a ƙofar gidanmu, bayanta a buɗe. Majiya ƙarfi biyu suna sauke buhuna. Kawu yana tsaye a gefe da rawani a wuya, ya hango ni ya ɗago hannu yana dariya, wai ga ɗansa ya zama saurayi.

Na gaishe shi da muryar da ban san tawa ce ba. Na sami Baba a zaure na ce masa an saki aikin, dattijo zai zo da safe, kwana kaɗan ne ya rage, ai masara ba ta san hukuncin ba, ba za ta ji haushi ba.

"Me muka ce?" in ji Baba.

Na nemi taimako a fuskar Umma. Ta ce ita ma ba za ta sa masararta a ɗaki haka ba, ɓeraye suna son ramukan bulo. A jibge buhunan a zaure tukuna, dattijo ya yi aikinsa yadda ya kamata.

Haka aka yi. Dattijo ya zo da safe, ya ɓamɓare ɗaya bangon da hannu kawai, ko guduma bai nema ba. Ya sa aka kawo yashin rafi mai tsabta. Ya jiƙa bulo, ya yi bango huɗu a natse, ya ce a riƙa shayar da su safe da yamma har su kama. Ni aka ba wannan aikin. Da suka bushe na ƙwanƙwasa da dutse, hannuna ne ya yi ciwo.

Aka kwashe buhunan daga zaure aka jera su a ciki har kusa da kwano, Umma ta sa kwaɗo. Masarar ta zauna har tsakiyar damina, kuma kafin buhun ƙarshe ya fita wake ya shigo. Har yanzu da ƙannena nake kwana.